Tsohon lilo da sabuwar riga: abin da ake dubawa kafin a buɗe gwangwanin fenti

Wani Alhaji ne daga Yamai ya aiko da wannan tambaya. Ya ce ya karɓi wani filin wasan yara mai injuna huɗu: lilon dawaki, lilon kujeru masu sarƙa, babban lilon sama mai kwanduna 12, da ɗan jirgin ƙasa mai kewaya fili. Dukkansu na hannu ne, ta Lome aka shigo da su, kuma kowanne ya haura shekara 15. Yara sun fara ƙosawa da su. Ya ji cewa a Amurka da Turai manyan wuraren shaƙatawa ba sa zubar da tsohon inji, suna sake masa suna da kama ne ya koma sabo. Yana son sanin yadda suke yi, da ko zai iya yin haka cikin wata uku da suka rage kafin Salla.

Alhaji, abin da ka ji gaskiya ne, amma rabinsa aka faɗa maka. Kowane injin wasa kashi uku ne. Akwai ƙashi, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyi da harsashin da suke kai. Akwai kayan ciki, wato motar lantarki, akwatin giya, rulma (wadda wasu ke kira boris), birki da wayoyi. Sannan akwai riga, wato fenti, siffofi, fitilu, kiɗa da labarin da ake ba mai hawa. Abin da jama'a ke gani kuma jarida ke bugawa shi ne rigar. Kuɗin kuwa mafi yawa a sauran biyun yake tafiya, kuma da su ake farawa.

Dubi yadda manyan suke yi. A Disneyland ta Kalifoniya, wadda aka buɗe a 1955, an rufe jirgin hawa-da-gangara mai suna Space Mountain a 2003, ba a sake buɗe shi ba sai 2005. A tsakani an cire layin ƙarfensa kaf an saka sabo bisa tsarin tsohon. Mai hawa ya dawo ya tarar da hanya iri ɗaya, bai san ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ba wanda ya sani ba ne. A Alton Towers ta Ingila haka aka yi wa jirgin Nemesis: an buɗe shi 1994, an rufe a ƙarshen 2022, aka sauya yawancin layin, ya dawo a watan Maris na 2024 da sabon launi da ƙarin labari. Wato shekara kusan 30 ita ce ta cinye ƙarfen, sauya kamar kuwa ta zo ne a kan hanya tunda dai an riga an kwance shi.

Akwai kuma inda rigar ce kaɗai aka nufa. Splash Mountain ta Fulorida, wadda kwale-kwale ke bin magudanar ruwa ya faɗo daga tudu, an rufe ta a Janairun 2023 ta dawo a Yunin 2024 da suna Tiana's Bayou Adventure. Magudanar da gangaren suna nan yadda suke, labari da ƴan tsana masu motsi da kiɗa ne suka sake. Duk da haka aikin ya ci wata 17. Wanda ya fi sauri shi ne Tower of Terror ta Kalifoniya, mai ɗaga mutane sama ta sako su, da aka rufe a Janairun 2017 aka buɗe a Mayun shekarar da sabon jigo, saboda injin ɗagawa da saukewar bai tsufa ba, shekararsa 13. Ka lura da abu guda: a duk waɗannan ba wanda ya taɓa nauyin abin hawa ko gudunsa ba tare da injiniya ya sake lissafi ba. A wurinsu sabuwar riga ma aikin injiniya ce, ba aikin mai fenti kaɗai ba.

To mu dawo filinka. Kada gwangwanin fenti ya shigo kafin a gama binciken ƙarfe. Fenti maƙaryaci ne, yana rufe tsaga ya rufe tsatsa, kuma da zarar ya bushe ba mai son a sake kankare shi. Tsari shi ne a kwance, a wanke, a kankare wuraren da ake zargi har ƙarfe ya fito fari, a gwada, a gyara, sannan a shafa.

Ƙarfen inji mai juyawa ba nauyi ɗaya tak ke karya shi ba, gajiya ce. Duk zagaye ɗaya hannun lilo yana ɗan lanƙwasa ya miƙe, ido ba ya gani. Bayan zagaye miliyoyi sai tsaga siririya kamar gashi ta fara, kusan kullum daga bakin sudur, wato walda, ko gefen ramin bulon, wato ƙusa mai zare, ko inda ƙarfe mai kauri ya haɗu da siriri. Nan za a duba. Gwajin da kowa zai iya yi a Yamai shi ne na jan ruwa, wanda ke zuwa a gwangwani uku na fesawa. A goge wurin da na farko, a fesa jan a bar shi minti 10 zuwa 20, a share da tsumma ba tare da an kwarara masa ruwan wanki ba, sannan a fesa farin. In akwai tsaga, jan layi zai fito a kan fari. A yi shi da sassafe ko a inuwa, don ƙarfen da ya sha ranar bazara yana busar da jan kafin ya shiga ramin, sai gwajin ya ce lafiya alhali ba lafiya. Wannan gwaji tsagar da ta buɗe baki a waje kawai yake kamawa. Babban sandan tsakiya na lilon sama da fil-fil ɗin da kwanduna ke rataye a kai suna bukatar gwajin maganaɗisu ko na'urar sauti mai leƙa cikin ƙarfe. Masu wannan aiki suna nan cikin kamfanonin da ke duba tankunan mai da bututu da kayan ma'adinai, a ɗauko su a biya su kwana biyu ko uku.

Na'urar sautin tana da wani amfani da ya fi wannan, shi ne auna kaurin bangon bututu. A Yulin 2017, a bikin baje kolin jihar Ohayo ta Amurka, hannun wani lilo mai suna Fire Ball ya tsinke yana cikin gudu, mutum ɗaya ya mutu, bakwai suka ji rauni. Injin shekararsa 18. Kamfanin da ya ƙera shi ya ce tsatsa ce ta cinye ƙarfen daga ciki har bangon ya yi siriri.  Kada ka ce ai Yamai ba ta da laima. Injinka ya yi rayuwarsa ta farko a ƙasar ruwa, ya kwana a bakin teku a Lome, sannan damina wata uku zuwa huɗu ta ishi ruwa ya taru a cikin bututun da ramin tsiyayarsa ya toshe. Mu nan muna da mai toshe shi na musamman, wato zanzaro, wanda duk ramin da ya gani sai ya gina ɗakin laka a ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ruwa. A bi ƙasan kowane bututu da waya a buɗe ramukan, a ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma a saurari inda ƙarar ta mutu, a auna kaurin a rubuta lambar don a kwatanta da ta baɗi.

In an sami tsaga, kuskuren da aka fi yi shi ne a kira mai sudur ya ɗora ƙarfe a kai. Tsagar na nan a ƙarƙashi tana ci gaba da tafiya, an dai ɓoye ta. Sai an niƙe ta da injin gurza har ƙarshenta, a sake fesa ja a tabbatar ta ƙare, sannan ƙwararre ya cike da sandar walda mai lamba 7018 busasshiya wadda ba ta kwana a buɗe ba, a sake gwadawa bayan ta huce. Kuma a tambayi dalilin da ya sa ta tsage a nan, a duba takwarorinta, domin in hannu ɗaya cikin 12 ya gaji sauran ma shekarunsu ɗaya. Sandan tsakiya, fil ɗin kwando, ƙugiya da zoben sarƙar kujeru, waɗannan ba a yi musu sudur ko kaɗan. Cirewa ake yi a saka sabo.

Sai bulon, ƙaramin abu mai kashe mutane. A Satumban 2003, a Disneyland ɗin nan dai, jirgin Big Thunder Mountain ya yi haɗari mutum ɗaya ya rasu, kuma binciken hukumar jihar ya gano cewa bulon da ke riƙe da wata ƙafar jirgin ba a ɗaure su yadda ya kamata ba, ba a kuma saka wayar da ke hana su kwancewa ba. Kamfani ne mai dukiya da injiniyoyi, amma abin da ya ci su bai wuce aikin kile, wato sifana, ba. Kowane bulon mai ɗaukar nauyi yana da lamba a kansa, 8.8 ko 10.9. Wanda aka cire da wannan lamba da irinsa ake mayarwa. A kasuwar Katako za ka sami kowane girma, sai dai wanda kansa ba lamba na ƙofa ne da gado, kada ya kusanci lilo. Ɗauri kuma da kile mai awon ƙarfi ake yi, ba da bututu a kan kile mutum biyu na dannawa ba. Bulon mai lamba 8.8 na milimita 12 yana neman kusan nitan-mita 85, na 16 kusan 210, na 20 kusan 410, in zaren a bushe yake. In littafin injin ya faɗi wata lamba, tasa ake bi. Wanda aka ɗaure fiye da kima ya riga ya miƙe, yana jiran ranar tsinkewa. Bayan ɗauri a ja layin fenti daga kan bulon zuwa jikin ƙarfe, ta yadda da safe kallo ɗaya zai nuna wanda ya motsa. Noti mai roba a ciki sau ɗaya ake amfani da shi.

Kayan ciki kuwa abokan gabarsu biyu ne a ƙasarmu, ƙura da zafi. Ƙurar hunturu in ta haɗu da giris takan zama kamar garin goge ƙarfe, ta cinye rulma cikin wata kaɗan. Don haka a share bakin nonon giris kafin a ɗora famfo, in ba haka ba da hannunka kake tura yashi ciki. Giris mai lamba EP2 ya wadatar ga yawancin wurare, kuma kada a gauraya iri biyu. Kada kuma a cika har ya tumbatsa, rulmar da ta ƙoshi fiye da kima zafi take yi. Akwatin giya yawanci man lamba 220 ko 320 yake sha, ba man mota ba. A tsiyaye tsohon a cikin farin kwano a duba: in ya yi kalar madara ruwa ya shiga, in yana ƙyalƙyalin tagulla haƙoran giyar ne ke cinyewa. Sarƙar tuƙi da ta ƙara tsawo da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ta gama aiki, kuma da ita da haƙoran da take hawa ake sauyawa tare. Tiyon haidurolik, ko bai yoyo ba, ƙa'idar Jamusawa ta ba shi shekara shida, ranarmu kuwa ba ta barin roba ta kai haka.

Motar lantarki an ƙera ta ne bisa zaton iskar da ke kewaye da ita ba za ta wuce digiri 40 ba. A Afrilu da Mayu Yamai da Tawa suna wuce wannan a inuwa. Masu naɗin mota sun san cewa duk ƙarin digiri 10 a kan abin da aka tsara yana raba ran rufin wayar ciki gida biyu. Maganin ba tsada: rumfar kwano a kan motar mai barin iska ta ratsa, wanke haƙarƙarinta daga ƙura, da duba fankar bayanta. A nan ne masu sauya riga ke yin ɓarna ba da sani ba. Sai a zo a rufe gindin lilo da katako da fiba don ya yi kama da dutse ko fada, a toshe wa mota numfashi, a kuma toshe hanyar da makaniki ke bi ya kai ga nonon giris. Abin da ba a iya kaiwa gare shi ba a duba shi. Duk ado da zai rufe inji a yi masa ƙofa mai buɗewa da hannu da tagogin iska sama da ƙasa.

A akwatin wuta abubuwa uku nake so ka tabbatar. Na farko na'urar da ke yanke kuran in layi ɗaya cikin uku ya ɗauke ko aka juya su, don motar da ta rasa layi ɗaya tana ci gaba da gurnani har ta ƙone, wadda aka juya wa layi kuma baya take yi, abin da kan faru ranar da aka koma kan gurup, wato janareta. Na biyu disjonkta mai jin yoyon wuta na miliamfa 30 a kan duk layin fitilu da duk abin da hannun yaro ke kaiwa, a danna maɓallin gwajinsa kowane mako. Na uku sandan ƙasa, wanda ke kai yoyon wuta cikin ƙasa. Ƙasarmu in rani ya yi nisa bushewa take yi har sandan ya zama ado, saboda haka a auna shi a watan Afrilu, ba a Agusta ba. Gurup ɗin ma a auna shi da tashin mota, ba da gudunta ba, domin motar da ake tayarwa kai tsaye tana jan ninki shida zuwa bakwai na abin da take ci in ta daidaita. Tsaka da ɓera kuma a toshe musu ramukan shiga akwatin.

Wani abu da ba ya cikin tambayarka amma ya fi fenti muhimmanci: in wuta ta ɗauke lilon sama na cike, yaya za a sauko da yaran da ke can ƙoli? Kowane irin wannan lilo yana da hanyar sakin birki da hannu a juya shi sannu a hankali. A nemo ta, a gyara ta, ma'aikata su gwada da buhunan yashi har su iya cikin duhu. A kuma koya musu loda kwanduna daura da juna, ba a cika gefe guda a bar ɗaya fanko ba, don lilon da ya rinjaya gefe in aka saki birkinsa da kansa yake gudu.

Yanzu rigar. Dokoki uku ne ba a ketare su: nauyi, gudu da tazara.

Nauyi dai a bayyane yake. Kan raƙumi na fiba mai kilo 20 a kan kowane kwando ya zama kilo 240 a bakin da'ira, inda ya fi wahalar da sanda da birki. Hanya mai sauƙi ita ce a auna abin da aka cire a kan sikeli, abin da zai maye gurbinsa kada ya fi shi, kuma ya zauna a inda na farko ya zauna. Gudu ya fi yaudara. Masu fili da yawa kan ce a ƙara wa lilon kujeru wuta kaɗan don samari su ji daɗi, a sauya fuli ko a murɗa na'urar gudu. Ƙarfin da ke jan kujera waje ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun, ninkawa yake yi: ƙarin kashi 10 na gudu ƙarin kashi 21 ne, ƙarin kashi 20 kuwa kashi 44. Kujerun kuma za su buɗe su kai inda da ba sa kaiwa. A nan maganar tazara ta shigo. Duk inda yaro mai dogon hannu zai iya miƙawa daga mazauninsa, ko ƙafa, ko kai, dole ya zama fili. Manyan wuraren suna da katako da suke yankawa daidai iyakar miƙewar mutum, su ɗaura a kan abin hawa su zagaya da shi a hankali, duk abin da ya taɓa a cire. Kafintanka zai iya yin irinsa da filawud a yini ɗaya, kuma da shi za a gwada duk wata ƙofa ko kogo da za a gina wa ɗan jirgin ƙasa. A tuna da mayafi da hijabi da babbar riga, waɗanda masu ƙera injin a Italiya ko Sin ba su sa a lissafi ba. Duk sanda mai juyawa da sarƙa da fuli a rufe su ruf.

Akwai ta huɗu da ta shafe mu fiye da Turawa, wato iska. Guguwar farkon damina in ta kai kilomita 108 a awa tana danna kowane murabba'in mita da kusan kilo 55. Allon suna mai mita 2 da mita 3 da aka liƙa a saman lilo ya zama tanti mai jan sama da kilo 300, a wurin da ba a gina don haka ba. Allo a kafa shi a ƙasa da ƙafafunsa. In dole sai a sama, a yi shi da raga ko haruffa rabe-rabe.

Darasin taɓa inji ba lissafi yana Ostareliya. A Oktoban 2016 mutum huɗu suka mutu a Dreamworld, a kan wani wasan kwale-kwale da aka buɗe tun 1986. Famfon ruwa ya tsaya, ruwa ya ja baya, kwale-kwale ɗaya ya maƙale, na bayansa ya hau shi ya kife a bakin bel ɗin da ke jan su. Bincike ya nuna famfon ya riga ya tsaya sau biyu a ranar ana tayar da shi, kuma shekaru kafin nan an cire wasu katakan bel ɗin, abin da ya bar giɓi mai faɗi. Haka a Alton Towers a Yunin 2015, na'ura ta tsayar da jirgin Smiler don ta ga akwai wani a gaba, ma'aikata suka ɗauka kuskurenta ne suka ƙetare ta, ƴan mata biyu suka rasa ƙafa, kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. Na kawo su ne saboda ranar Salla, layi ya kai bakin titi, inji ya tsaya, wani zai ce a haɗa wayar kai tsaye a ci gaba. Ka kafa doka tun yanzu cewa injin da ya tsaya sau biyu kan dalili ɗaya a rana an rufe shi ke nan, kuma makullin akwatin wuta a aljihun mutum ɗaya yake.

To ina za a zuba kuɗin kwalliya har ta biya kuɗin sabulu? A kan abin da ba ya motsi. Ƙofar shiga, shinge, rumfar masu jira, ƙasa, kiɗa, kayan ma'aikata, fitilu. Yaro yana minti 20 a layi, minti uku a kan lilo, don haka yawancin abin da zai tuna a ƙasa ya gan shi. Fitilu su ne suka fi saurin mayar da kuɗi: ƙwai 500 na wat 15 suna cin kilowat 7.5, irinsu na LED ba sa kai kilowat ɗaya, ga sauƙin zafi, ga sauya launi. Abin da ban ba da shawara ba shi ne kayan yayi masu rage saurin layi. A 2016 wurare da dama sun saka wa tsoffin jiragensu tabarau mai nuna hoton kwamfuta, har Alton Towers ta sake wa jirginta Air suna zuwa Galactica saboda shi. Sakawa da gogewa da gyaran tabaran suka riƙa cin lokaci, cikin ƴan shekaru aka cire su.

Jigo kuma ba sai an aro ƴan tsanan talabijin na waje ba, waɗanda ma mallakar wasu ne kuma zana su ba izini na iya jawo magana. Lilon dawaki ya koma hawan Salla, da zanen sirdi da linzami da jalala a jikin kowane doki, an ƙare da fenti kaɗai ba ƙarin kilo ɗaya. Jirgin ƙasa ya zama ayarin gishirin Bilma, a gefen hanya a kafa raƙuman dawa na Kure da ƙasusuwan dabbobin zamanin da, irin waɗanda yara ke gani a gidan tarihi na Bubu Hama. Zana da bunu suna da kyau a ido, amma kada su kusanci waya ko mota, kuma kada su zama rufin inda yara ke taruwa.

Fentin ƙarfe hawa uku ne: na ƙasa mai sinadarin zinki, na tsakiya efoksi, na sama foliyuretan, jimlar kauri wajen maikuron 200 zuwa 280 (maikuron 1000 ne milimita ɗaya). Efoksi in aka bar shi a sama rana na mayar da shi gari cikin shekara. Ja da ruwan hoda su ke fara kodewa, baƙi da shuɗi mai duhu kuma suna ɗaukar zafin da zai ƙona cinyar yaro, don haka mazauni da abin riƙewa a ba su launi mai haske. Kada a fesa da tsakar rana ko ranar da hazo ya sauko. Tsohon fentin da ake kankarewa yana iya ƙunsar dalma, masu aikin su rufe hanci, a share garin kafin yara su dawo. Wajen gyaran fiba, maganin daskarwa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ake sakawa a rezin, a zafinmu a tsaya kusa da 1 a kuma dama kaɗan-kaɗan, in ba haka ba zai daskare a kwano. A leƙa cikin kowane doki, domin yawanci ba fibar ce ke lalacewa ba, ƙarfen da aka binne a cikinta ne ke ruɓewa inda sanda ya ratsa.

Layin jirgi aikinsa kaɗan ne. A auna faɗin tsakanin ƙarafan biyu duk bayan mita ɗaya, musamman a kwana. A bar giɓi a mahaɗa, don ƙarfe mai mita 6 yana ƙara kusan milimita 3 tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin bazara. A tona a ga abin da gara ta yi wa katakan ƙasa, kuma kowane tarago ya sami sarƙa ta biyu bayan mahaɗinsa.

Game da wata ukun: injuna huɗu ba za su samu ba in za a yi aikin gaskiya. Lilon dawaki da jirgi za su iya, don suna ƙasa, gudunsu kaɗan ne, kayansu kuma ana samu a gari. Lilon kujeru ya danganta da abin da gwajin sarƙoƙi da ƙugiyoyi ya nuna. Lilon sama kuwa a fara da nemo farantin da ke jikinsa mai sunan maƙeri da lamba da shekara, a rubuta musu a nemi littafinsa da duk sanarwar gyara da suka fitar a kansa. In ba a kai ga auna sandansa da fil-fil ɗinsa kafin Salla ba, a kunna masa fitilu ya ƙawata fili, amma ƙofarsa a kulle.

Duk wanda aka gama, kafin yaro ya hau, a loda masa buhunan yashi, kilo 75 a mazaunin babba, 40 a na ƙaramin yaro, a ɗaure su. A gwada shi cike, a gwada shi da lodi a gefe ɗaya, a danna maɓallin tsayawar gaggawa yana tsakiyar gudu a ƙirga daƙiƙun da ya ɗauka, a yanke wuta da gangan a ga abin da birki zai yi. A bar shi ya yi awa biyu yana aiki, a auna zafin kowace rulma da abin da mota ke ja a kowane layi, sannan a sake bin bulon da kile, don sabon fenti da ke ƙarƙashinsu yana kwantawa ɗaurin ya saki. Lambobin nan su ne shafin farko na littafin injin. Kowane inji da nasa littafin, mai dubawar safe ya sa hannu da sunansa da lokaci kafin a sayar da tikiti na farko.